Darasi na Tara: Bit 32 ko Bit 64? Gane Ƙirar Kwamfuta da Rubutaccen Umarni

Duk wanda ya wuni a shagon gyaran kwamfuta a Dutsin-Ma zai ji wannan ƙorafi: "Na kwana ina sauke manhajar nan, data ta ƙare, ga shi kuma ta ƙi hawa." Mai gyara ya karɓa ya danna, sai saƙo ya fito da Turanci cewa manhajar ba za ta yi aiki a wannan kwamfuta ba. Galibi babu ƙwayar cuta, babu abin da ya lalace. An sauko da manhajar da aka yi wa bit 64 ne, aka kawo wa Windows mai bit 32.

Matsalar ta fi damunmu fiye da mutanen ƙasashen da ake ƙera kwamfutocin, kuma dalilin a fili yake. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta daɗe a garin, sannan hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Buƙata ta bunƙasa daga cikin gari har Kutawa, Karofi, Shema da Kurfi. Amma abin da aljihu ke iya saya tokumbo ne, waɗanda ake sarowa daga Legas ko Titin Beirut a Kano. A shago ɗaya za ku tarar da HP ta zamanin Windows 7 kusa da Dell mai Windows 10, ga wata 'yar ƙaramar Acer da ta haura shekara goma sha biyar tana nan tana lallaɓawa. Wanda zai ɗora wa waɗannan duka manhaja ɗaya, ko direban firinta ɗaya, dole ya san ƙirar kowace.

Da kwamfuta ɗaya ce, ba sai an yi darasi ba: a Windows 10 ku shiga Settings, ku zaɓi System, ku gangara About, ku karanta. Amma wanda aka damƙa wa ɗakin kwamfuta na makaranta, ko cibiyar jarrabawa mai kwamfuta sama da ɗari biyu, ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙe ba. Haka mai shago da ke aika yaronsa ƙauye da filash ya gyaro kwamfutar wani malami. Abin da suke buƙata ɗan fayil ne da zai tambayi kwamfutar da kansa, ya zaɓi abin da ya dace da ita, ya ɗora. Masu wannan sana'a a nan ba su manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, sai a Disamba aka fara maido da su. A watannin nan wanda ke da nau'i biyu na kowace manhaja a filash ɗinsa shi ya ci kasuwa. Irin wannan filash za mu haɗa a ƙarshen darasin.

Mene ne 32, mene ne 64?

Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya, kuma kowane ɗayansu shi ake kira bit. RAM, wato wurin da take baje aikin da take yi a yanzu, an kasa shi gida-gida. Kowane gida yana ɗaukar bayit ɗaya, kuma yana da lambarsa. Furosesa ba ta iya kaiwa ga gidan da ba za ta iya rubuta lambarsa ba. Da bit ɗaya lamba biyu ake samu, da bit biyu huɗu, da bit uku takwas. Kowane ƙarin bit ninka adadin yake yi. Idan aka kai bit 32, lambobin sun zama 4,294,967,296, wato gigabayit 4 cif. Nan bangon yake. Windows mai bit 32 ba ta ma samun gigabayit 4 ɗin duka, domin katin hoto da sauran sassa suna cin wani kaso na lambobin, sai a bar mata uku da 'yan kai. Shi ya sa mutum zai biya kuɗi a ƙara masa RAM ya kai gigabayit 8, ya koma gida ya ga babu abin da ya canza, ya dawo yana cewa an cuce shi. RAM ɗin yana ciki, Windows ɗinsa ce ba ta iya ƙirga shi.

Da bit 64 kuwa adadin ya wuce abin da kowace kwamfuta ke ɗauke da shi a yau. Windows 10 Home mai bit 64 kaɗai tana iya amfani da gigabayit 128.

Kamfanin Intel ya fito da furosesar 80386 a 1985, ita ce ta farko mai bit 32 a zuriyar da ta faro daga 8086 ta 1978. Da yake sunayen 'yan gidan yawanci da 86 suke ƙarewa, sai aka kira ƙirar x86, kuma har yau idan Windows ta ce x86, bit 32 take nufi. Da lokacin ƙaura zuwa bit 64 ya zo, Intel ta ƙirƙiro sabuwar ƙira mai suna Itanium a 2001, wadda ba ta jituwa da tsofaffin manhajoji sai da ƙyar, kasuwa kuwa ta juya mata baya. Abokin hamayyarta AMD ya bi wata hanya a 2003: ya faɗaɗa x86 ɗin da kowa ya sani zuwa bit 64 ba tare da ya yar da tsohon ba. Shekara guda bayan nan Intel ta bi sahu. Ku riƙe wannan tarihi, domin nan gaba kaɗan kwamfuta mai tambarin Intel a jikinta za ta amsa muku da AMD64, kada ku ɗauka an canza mata furosesa a kasuwa. AMD64, x64 da x86_64 duk abu ɗaya ne.

Akwai zuriya ta daban gaba ɗaya, ARM. Ita ce a cikin kusan duk wayar da ke aljihunku, da kwamfutocin Apple tun fitowar M1 a Nuwamba 2020, da wasu sababbin kwamfutocin Windows masu furosesar Snapdragon. Ita ma tana da bit 32 da bit 64 nata. Saboda haka "bit nawa ce?" rabin tambaya ce, sauran rabin shi ne "'yar wace zuriya ce?"

Tambayoyi uku da ake cakuɗawa

Nan ne zuciyar darasin. Idan aka ce kwamfuta "64 ce", abu uku ake iya nufi. Ko furosesar ce mai bit 64, ko babbar manhajar da aka ɗora mata, wato Windows ko Linux, ko kuma manhajar da ke gudana a wannan lokaci. Ba dole ne ukun su zo ɗaya ba. Furosesa mai bit 64 tana ɗaukar Windows mai bit 32 lafiya lau, kuma irin wannan haɗi ya cika shagunanmu, saboda mai fomatin ya ɗora abin da ya samu a faifansa ne kawai. Windows mai bit 64 tana gudanar da manhaja mai bit 32. Amma hanyar ba ta juyuwa: ƙarami ba ya ɗaukar babba. Direba kuwa ba shi da sassauci ko kaɗan. Direban firinta, na sikana ko na na'urar ɗaukar zanen yatsa dole ya zo daidai da Windows ɗin, bit 32 ga mai 32, bit 64 ga mai 64.

Kowane umarni da za ku gani a ƙasa ɗaya daga cikin tambayoyin nan uku yake amsawa. Yawancin kurakuran da ake yi sun samo asali ne daga karɓar amsar wata tambaya a matsayin ta wata.

A kan Windows

Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta cmd, ku danna Enter. Baƙar taga za ta buɗe. Ku rubuta:

```
echo %PROCESSOR_ARCHITECTURE%
```

Windows tana da gurabe masu suna inda take ajiye bayanai kanana, kuma alamar % gaba da baya tana nufin "kawo abin da ke cikin wannan gurbi". Amsar za ta zama x86, ko AMD64, ko ARM64. Duk da kalmar furosesa da ke cikin sunan gurbin, ba labarin furosesa yake bayarwa ba. Idan Windows mai bit 32 ce a kan furosesa mai bit 64, x86 za ku gani.

Har ma ba kullum yake ba da labarin Windows ɗin ba. Ku gwada wannan a kwamfuta mai bit 64: Windows da R, sannan ku rubuta

```
C:\Windows\SysWOW64\cmd.exe
```

Taga za ta buɗe wadda ba ta da bambanci da ta farko a ido. Ku sake yin tambayar. Yanzu amsar x86 ce, a kwamfutar da ta ce muku AMD64 minti ɗaya da ya wuce.

Abin da ya faru shi ne, Windows mai bit 64 tana da wani sashe mai suna WOW64 wanda aikinsa saukar tsofaffin manhajoji masu bit 32. Yana shirya musu komai yadda suka saba, har ya sa su ɗauka a Windows mai bit 32 suke. Idan kuka tambayi baƙon da aka sauke a ɗakin zaure girman gida, ɗakin da ya kwana zai kwatanta muku, kuma bai yi ƙarya ba. Tagar ta biyu baƙuwa ce a wannan masauki. Sai ku ce, wa zai je ya buɗe ta da gangan? Ba kowa. Amma duk lokacin da wata manhaja mai bit 32 ta kira fayil ɗinku, misali an dunƙule shi cikin fayil mai warware kansa, ko wata manhajar sanya kaya ce ta tayar da shi, to a wannan tagar zai gudana ba tare da an gaya muku ba. Fayil ɗin da ya yi aiki daidai a hannunku sai ya je ya ɗora wa Windows mai bit 64 direban bit 32, firinta ta ƙi motsi, a rasa dalili.

Wani abin da ke ƙara rikita masu koyo: foldar System32 ita ce ke ɗauke da fayilolin bit 64, SysWOW64 kuma na bit 32. Haka Microsoft ta bar su don kada tsofaffin manhajoji su ɓace hanya. Ba ku kaɗai abin ya ɗaure wa kai ba.

Maganin yana cikin gurbi na biyu. A cikin tagar nan ta biyu ku rubuta:

```
echo %PROCESSOR_ARCHITEW6432%
```

Za ta ce AMD64. Wannan gurbi ba ya samuwa sai a cikin manhaja mai bit 32 da ke gudana a kan Windows mai bit 64, kuma ainihin ƙirar Windows ɗin ce a cikinsa. A taga ta farko, idan kuka tambaye shi, sunan kawai za a maido muku, alamar babu shi. Ke nan ƙa'idar ta fito: idan gurbi na biyu yana nan, shi za a gaskata. Idan babu shi, a ɗauki na farko.

Haɗa fayil ɗin

A filash ɗinku ku buɗe folda ɗaya, a cikinta ku yi wasu biyu, bit32 da bit64, kowace ku zuba mata nau'in direban ko manhajar da ya dace da sunanta. Sannan ku buɗe Notepad ku rubuta wannan, harafi da harafi:

```
@echo off
setlocal
set "TSARI=%PROCESSOR_ARCHITECTURE%"
if defined PROCESSOR_ARCHITEW6432 set "TSARI=%PROCESSOR_ARCHITEW6432%"
echo Tsarin Windows: %TSARI%

if /i "%TSARI%"=="AMD64" goto babba
if /i "%TSARI%"=="x86" goto karami
echo Ban san wannan tsari ba. Ban sanya komai ba.
goto karshe

:babba
start "" /wait "%~dp0bit64\setup.exe"
goto karshe

:karami
start "" /wait "%~dp0bit32\setup.exe"

:karshe
pause
```

Wajen adanawa, ku sa masa suna sanya.bat, kuma a akwatin da ke ƙasan sunan ku zaɓi All Files. In ba haka ba Notepad zai laƙa masa .txt a ɓoye, ku danna ya buɗe a matsayin rubutu kawai. Rabin ajin kan faɗa wannan rami a ranar farko.

Layi na farko yana hana taga maimaita kowane umarni. Na biyu yana sa gurbin da muka ƙirƙira ya ɓace idan aiki ya ƙare. Na uku da na huɗu su ne ƙa'idar da muka fitar ɗazu: mun zuba amsar gurbi na farko a TSARI, sannan idan gurbi na biyu yana nan, amsarsa ta danne ta. Alamar /i tana sa a daina bambanta babban baƙi da ƙarami. Kalmar goto tana tsallakawa zuwa layin da ya fara da ɗigo biyu da wannan suna. Pause kuma tana riƙe tagar har ku karanta abin da ya fito.

Ku lura da %~dp0, domin ƙananan alamomin nan biyar sun fi yadda suke a ido. Ma'anarsu "foldar da wannan fayil yake zaune". Filash ɗin da ya zama E a shagonku zai iya zama G a Kurfi, saboda haka duk wanda ya rubuta harafin filash a cikin fayil ya ɗaure kansa. Bugu da ƙari, sanya direba yana buƙatar a danna fayil ɗin da maɓallin dama a zaɓi Run as administrator, kuma da zarar an yi haka tagar ba ta farawa daga filash, daga System32 take farawa. Ba tare da %~dp0 ba, can za ta je neman setup.exe ta dawo hannu rabbana.

Za ku ga mun rubuta karami da karshe babu ƙugiya. Da gangan ne. Baƙar taga ba ta saba da ɓ, ɗ da ƙ ba, takan mayar da su wasu alamomi marasa ma'ana. A cikin irin wannan fayil, da sunayen foldoji da yake kira, ku tsaya kan haruffan da ke kan kibod.

Layin da ya fi kowane daraja a wurina shi ne wanda ke cewa "Ban san wannan tsari ba." Yawancin fayilolin da za ku tsinta a intanet cewa suke yi: idan ba x86 ba ce, to bit 64 ce, a ɗora. A da hakan yana wucewa. Yau kwamfuta mai ARM64 tana iya faɗowa cikin kayan tokumbo, kuma direban AMD64 ba zai yi mata aiki ba. Fayil ɗin da ya tsaya ya ce bai sani ba ya ɓata muku minti biyu ne. Wanda ya yi cinta ya ɗora, yana iya ɓata muku wuni.

A kan Windows 11 mai ARM akwai ƙarin tarko, domin tana kwaikwayon AMD64 don manhajojin da aka yi wa waccan ƙirar, kuma tagar da aka tayar ta wannan hanya tana iya cewa AMD64. Idan kuna shakka, ku tambayi kundin rajistar Windows kai tsaye, shi ba ruwansa da wace taga ce ke tambaya:

```
reg query "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Session Manager\Environment" /v PROCESSOR_ARCHITECTURE
```

Hanyoyin da za ku ji ana yabo

Wasu suna duba ko akwai folda mai suna Program Files (x86), in akwai su yanke hukunci cewa bit 64 ce. Folda kuwa kowa na iya ƙirƙirarta, har manhajar da aka rubuta da sakaci takan ƙirƙira ta a Windows mai bit 32. Ku bar wannan hanya.

Wasu kuma suna amfani da wmic os get osarchitecture. Yana ba da amsa mai kyau ga ido, amma yana da aibi biyu ga rubutaccen umarni. Na farko, amsar tana bin harshen Windows ɗin. Ta Turanci za ta ce 64-bit, ta Faransanci kuwa, irin wadda ke shigowa ta Maraɗi ko cikin gwanjon Beljiyam da Faransa, 64 bits za ta ce. Fayil ɗin da ke neman rubutun farko daidai wa daida zai kasa gane na biyu. Na biyu, Microsoft ta yi wa wmic ritaya, sababbin Windows 11 ba sa zuwa da shi a kunne.

A PowerShell akwai tambayoyi biyu da suka rarrabe abin sarai:

```
[Environment]::Is64BitOperatingSystem
[Environment]::Is64BitProcess
```

Ta farko Windows take tambaya, ta biyu tagar da kuke ciki, kuma amsar True ce ko False. Sai dai PowerShell ɗin da ke zuwa da Windows 7 tsoho ne, bai san su ba, shiru zai yi muku. Tun da Windows 7 ba ta ƙare a wurinmu ba, fayil ɗin .bat ya fi zama abin dogaro.

Ita furosesar fa?

Duk abin da ya gabata Windows muke tambaya. Amma idan abokin ciniki ya ce a mayar masa da kwamfutarsa bit 64, furosesar ce abin tambaya. A Windows 7 da 10:

```
wmic cpu get AddressWidth,DataWidth
```

A PowerShell na Windows 8 zuwa sama:

```
Get-CimInstance Win32_Processor | Select-Object AddressWidth, DataWidth
```

Lambobi ne ke fitowa, saboda haka harshe ba ya shafarsu. AddressWidth na Windows ne, DataWidth na furosesa. Idan kuka ga 32 da 64, furosesar za ta ɗauki bit 64, Windows ɗin ce aka ɗora ƙarama. Idan 32 da 32 ne, magana ta ƙare, kada ku wahalar da kanku. Irin waɗannan su ne Pentium M, da Atom N270 na ƙananan kwamfutocin nan na wajen 2008, da Core Duo ta 2006. Ku kula: Core Duo bit 32 ce, Core 2 Duo bit 64. Lamba 2 ɗin nan kaɗai ta raba su a kan tambari.

Ko da furosesa ta amince, ku tsaya ku yi lissafi. Ba a ɗaga Windows daga 32 zuwa 64 a kan wadda ke ciki, sai an yi fomatin, saboda haka sai an kwashe takardun mai ita tukuna. Idan RAM ɗin gigabayit 2 ne, bit 64 ba za ta ƙara mata gudu ba, ta ma fi cin wuri. Idan akwai tsohuwar firinta ko sikana, ku tabbatar akwai direbanta na bit 64 kafin ku goge komai. Malaman makaranta kuma su sani cewa QBasic da sauran manhajojin zamanin DOS ba sa buɗewa a Windows mai bit 64 sai an bi ta wata manhaja kamar DOSBox. Amma daga gigabayit 4 zuwa sama, shawarata bit 64 ce ba tare da jinkiri ba. Masu yin manhajoji suna ta janye hannu daga bit 32. Windows 11, da ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, ba ta da nau'in bit 32 sam. Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro na gama-gari tun 14 ga Janairu 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025.

Linux, Mac da waya

A Linux da Mac umarnin shi ne uname -m. Amsar x86_64 ita ce AMD64, i686 bit 32 ce, aarch64 ko arm64 ARM ce mai bit 64, armv7l kuma ARM mai bit 32. Ga kwatankwacin fayil ɗinmu:

```
#!/bin/sh
case "$(uname -m)" in
  x86_64) echo "bit 64" ;;
  i386|i486|i586|i686) echo "bit 32" ;;
  aarch64|arm64) echo "ARM bit 64" ;;
  armv6l|armv7l) echo "ARM bit 32" ;;
  *) echo "Ban san wannan tsari ba"; exit 1 ;;
esac
```

Tambayoyin nan uku suna nan a nan ma. Uname labarin ƙwayar babbar manhaja yake bayarwa, kuma ana samun ƙwaya mai bit 64 alhali sauran manhajojin duk bit 32 ne, kamar yadda ke faruwa a ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi. Don haka ku haɗa da getconf LONG_BIT, wanda zai ce 32 ko 64. A Ubuntu da Debian, dpkg --print-architecture shi ne zai gaya muku nau'in da za ku sauke. Labarin furosesa kuma a Linux yana wurin lscpu.

Waya ta fi kusa da yawancinku. Wani ya turo muku manhaja ta Xender, kun danna, ta ce App not installed. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wannan darasi: manhajar ta fito daga waya mai bit 64, taku kuma Android mai bit 32 ce a ciki. Ƙananan wayoyi masu Android Go da yawa haka suke, ko da furosesarsu tana iya bit 64. Masu fulashin ɗin waya suna haɗa ta da kwamfuta, su kunna USB debugging, su rubuta:

```
adb shell getprop ro.product.cpu.abilist
```

Idan arm64-v8a ya fito a jerin, wayar tana ɗaukar manhajar bit 64. Idan armeabi-v7a ne a gaba babu waccan, to nau'in bit 32 za a nema mata. Play Store da kansa yake yin wannan zaɓi ga kowace waya, shi ya sa ba a cika ganin matsalar ba sai a abin da aka tura hannu da hannu.

Aiki

1. Wata kwamfuta ta ba da AddressWidth 32, DataWidth 64, kuma RAM ɗinta gigabayit 8 ne. Mai ita yana ƙorafin nauyi. Me za ku gaya masa, kuma me za ku yi kafin ku taɓa komai?

2. Ku buɗe tagogin nan biyu a kwamfutar aji, ta cmd da ta SysWOW64. A kowace ku tambayi gurabe biyun, ku rubuta amsoshi huɗun a littafinku, ku bayyana da kalmominku dalilin bambancin.

3. Ku goge layi na huɗu na sanya.bat, ku gudanar da fayil ɗin daga tagar SysWOW64. Wace folda ya nufa? Ku maido da layin ku sake gwadawa. Don wannan gwaji ku sa echo a gaban start, don kada ya ɗora wani abu da gaske.

4. Ku ƙara wa fayil ɗin sashe na ARM64 wanda zai rubuta saƙo kawai, ba tare da ya sanya komai ba.

Wanda ba shi da kwamfuta a gida ya haɗa kai da abokin zamansa, ko ya nemi izinin mai shago mafi kusa, duk aikin ba zai ci rabin awa ba kuma ba ya buƙatar data. Ku gwada fayil ɗin a kwamfutoci uku mabambanta aƙalla, ku rubuta sunan kowace da amsar da ta bayar, ku zo da filash ɗin da littafin a darasi na gaba.